Riƙe kamfanin jirgi ɗaya ko bin tikiti mai araha: lissafin ya canza

Yayata ce ta ajiye min katunan tara maki na kamfanonin jirgi guda biyu a kan tebur, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan toka, ta ce, "Kai da ka iya wannan lissafin, wanne zan riƙe, wanne zan watsar?" Na ce, "Yaya, sau nawa kike hawa jirgi a shekara, kuma daga aljihun wa kuɗin tikitin ke fita?" Ta ce ita dai doguwar tafiya take yi, ba ta kusa da kusa ba, don haka makinta ba zai yi kaɗan ba. Na ce ai a nan gizo ke saƙar. Yawancin manyan kamfanonin jirage sun daina tambayar nisan da mutum ya ci a sama, abin da ya biya suke dubawa, kuma wanda bai san da haka ba zai shekara yana yi wa kamfani biyayya a kan alkawarin da aka riga aka janye.

Da can yarjejeniyar a fili take. Kamfanin American Airlines ya buɗe shirinsa na tara maki mai suna AAdvantage a watan Mayun 1981, United da Delta suka biyo baya a shekarar, kuma abin da suka ce shi ne mil ɗaya a sama, maki ɗaya a asusu. Wanda ya tashi daga New York zuwa Landan ya dawo ya ci kusan mil 6,900, kuma a tsarin waɗannan kamfanoni abin da za a zuba masa ke nan, ko da tikitin rangwame ya saya. Delta ce ta fara karya wannan a cikin manyan ukun, a Janairun 2015, United ta bi ta a Maris, American a Agustan 2016. Turai ma ba a bar ta a baya ba: Miles & More na Lufthansa a Maris ɗin 2018, Flying Blue na Air France da KLM a Afrilun shekarar, British Airways a Oktoban 2023. Air Canada, wadda ta daɗe tana jan ƙafa, ta sanar da komawa kirga kuɗi daga Janairun 2026.

Mu koma kan waccan tafiya ta Landan a sabon tsari. A ce tikitinka dala 700 ne, 200 daga ciki harajin gwamnati da na filin jirgi ne, waɗanda ba sa shiga lissafi. Saura 500. Delta da United sun kafa tsarinsu a kan maki 5 ga kowace dala ga memba marar matsayi, ka ga maki 2,500 ke nan, a inda da za ka sami 6,900. A bayan labulen da ke gabanka kuwa akwai wanda ofishinsa ya saya wa kujerar bizines a kan dala 4,000 ban da haraji, kuma yana matsayi mafi girma, inda ake ba da 11 ga kowace dala. Shi zai sauka da maki 44,000. Jirgi ɗaya kuka hau, lokaci ɗaya kuka sauka.

Kafin a shiga kwatance, akwai abu biyu da mutane ke cakuɗawa, har da waɗanda suka daɗe suna tafiya. Makin kashewa daban, makin matsayi daban. Na farko shi ne wanda kake tarawa ka sayi tikiti ko ka ɗaga kujerarka zuwa aji na gaba. Na biyu ba a sayen komai da shi, awo ne kawai da kamfani ke yi cikin shekara don ya ga ko ka kai a kira ka Silver ko Gold. Matsayin shi ke kawo layin awon kaya na musamman, da ƙarin jaka, da shiga jirgi da wuri, da falon hutu na filin jirgi. Kuma amfaninsa na gaske yana fitowa ne ta ƙawancen kamfanonin jirage: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Mai Star Gold daga Turkish zai shiga falon Lufthansa ko na Ethiopian da baƙo ɗaya idan jirgin ƙawancen zai hau. Haka mai Sapphire a oneworld, haka mai Elite Plus a SkyTeam. Matakin ƙasa kuwa, wato Star Silver da Ruby na oneworld da SkyTeam Elite, ba ya buɗe ƙofar falo a faɗin ƙawance, kuma ni a ganina ba abin da za a wahala a kansa ba ne.

Masu kirga kuɗi zalla

A nan Delta ce uwa. A Satumban 2023 ta ce daga yanzu ba nisa, ba yawan hawa, kuɗin da ka kashe kawai za a duba, kuma ta sa matsayin Diamond a dala 35,000 a shekara. Hayaniya ta tashi har shugaban kamfanin, Ed Bastian, ya amsa a bainar jama'a cewa da alama sun wuce gona da iri. Wata guda bayan haka aka sassauta: Silver 5,000, Gold 10,000, Platinum 15,000, Diamond 28,000. An rage adadin, amma ma'aunin bai canza ba. United ma ta ɗaga nata daga 2025, inda Gold ke neman dala 12,000, ko 10,000 tare da hawa 30. American ta ɗauki wata hanya tun Maris ɗin 2022 da abin da ta kira Loyalty Points, wanda ke haɗa tafiya da sayayya da katin bashi a kwando ɗaya, har mutum zai iya kai matsayi bai taka filin jirgi ba.

Labarin British Airways ya fi kowanne nuna abin da aka rasa. A tsohon tsari Silver na buƙatar maki 600, Gold 1,500, kuma doguwar tafiya ɗaya a bizines tana ba da 140 ko nawa ka sayi tikitin. Masu wayo sai su nemi tikitin bizines mai rangwame wanda ke ya da zango a tsakiya, kowane ɓangare ya haura mil 2,000, su kwashi 560 a zuwa da dawowa ɗaya. Daga 1 ga Afrilun 2025 aka sauya wa shirin suna zuwa The British Airways Club, aka ce fam ɗaya maki ɗaya: Bronze 3,500, Silver 7,500, Gold 20,000. Da koke ya yi yawa sai aka dawo da ƙofar yawan hawa, 25 ga Bronze, 50 ga Silver, a jiragen kamfanin. Gold dai sai da kuɗi.

Wa wannan tsari ya yi wa daɗi? Wanda ake saya wa tikiti ana gobe tafiya, ko wanda aikinsa ke biya masa bizines. Shi tafiya uku ko huɗu sun ishe shi, kuma falon ya rage cunkoso. Wanda ke biya daga aljihunsa yana jiran rangwame kuwa, gara ya cire rai da matsayi a waɗannan kamfanoni. Ba raini ba ne, lissafi ne: mai sayen tikitin dala 500 sai ya yi zuwa da dawowa ashirin a shekara kafin ya ga Gold ɗin Delta.

Masu kirga zango da aji

Wannan rukuni shi ne ya fi cancantar a zauna a kansa, don a nan mai tikitin ikonomi ke da sauran numfashi. Flying Blue da Miles & More duk suna ba da makin kashewa ne gwargwadon kuɗi, amma makin matsayi ba ruwansa da farashi. Abin da suke dubawa shi ne wane irin zango ka yi, kuma a wane aji ka zauna.

A Flying Blue sunan makin XP. Tafiyar ƙasa da ƙasa da ba ta kai mil 2,000 ba tana ba da 5 a ikonomi, 15 a bizines. Tsakanin mil 3,500 da 5,000 kuwa 10 ne a ikonomi, 30 a bizines. Silver na neman 100 cikin wata 12, daga nan sai a tara wasu 180 don Gold, sannan 300 don Platinum, hawa-hawa, ba a tsallake mataki. To a ce kana doguwar tafiya mai XP 10, kana canja jirgi a Paris ko Amsterdam zuwa wani birni a wata ƙasar Turai. Zuwa 15, dawowa 15, jimla 30. Tafiya huɗu sun ba ka Silver, ƙarin shida su ba ka Gold, kuma riƙe Gold ɗin tafiya shida ne a kowace shekara. Duk jirgin SkyTeam da ka hau ana kirgawa, ko Kenya Airways ne ko Saudia ko Korean Air.

Miles & More ta kawo nata sabon tsarin a Janairun 2024, kuma ya fi sauƙin haddacewa: gajeren zango a ikonomi maki 20, tsallaka nahiya 60, a bizines kuma 40 da 200. Frequent Traveller na neman 650 a shekara, Senator 2,000, da sharaɗin rabin makin ya fito daga jiragen gidan, irin su Lufthansa da Swiss da Austrian da Brussels Airlines. Irin waccan tafiya mai canjin jirgi a Frankfurt za ta ba ka 160 zuwa da dawowa. Tafiya biyar ka zama Frequent Traveller, wanda ke shigar da kai falon bizines na Lufthansa idan jirgin gidan za ka hau, abin da Silver ɗin Flying Blue ba ya yi. Amma Senator, wanda shi ne Star Gold, tafiya goma sha uku ne a ikonomi, kowace shekara. A bizines biyar sun wadatar.

Idan aka ɗora su a sikeli, mai ikonomi da ke tafiya biyar a shekara ya fi samun abin a zo a gani a Miles & More, saboda falon. Mai tafiya shida zuwa goma kuwa Flying Blue ce tasa, don zai kai matakin da duk ƙawance ke girmamawa, inda a ɗaya ɓangaren zai tsaya a tsakiyar tsani. Qatar Airways, wadda ta shiga oneworld a 2013, tana da nata awon mai suna Qpoints, 150 ga Silver, 300 ga Gold, 600 ga Platinum, sai dai a wurinta nau'in tikitin da ka saya yana taɓa abin da za a ba ka, don haka tana tsakanin rukunin nan da na gaba.

Masu kirga nisa

Har yanzu akwai su. Miles&Smiles na Turkish ya daɗe yana jan hankalin matafiya saboda matsayin Elite, wanda shi ne Star Gold, ana samunsa da mil 40,000 cikin wata 12, kuma yana ɗaukar shekara biyu ba ɗaya ba. ShebaMiles na Ethiopian, wadda ta shiga Star Alliance a 2011, da shirin EgyptAir, su ma nisa suke dubawa. Sai dai akwai tarko, kuma na taɓa faɗawa ciki. Kowane tikiti yana da harafi ɗaya da ke nuna rukunin farashinsa, Y ko M ko K ko L da sauransu, kuma harafin ke yanke ko za a ba ka dukan nisan, ko rabi, ko rubu'i, ko babu.

Wata shekara na sayi tikiti a wurin ejan, jirgin wani kamfani ne da ke ƙawance ɗaya da wanda nake tara maki a wurinsa. Na ba da lambar memba a wurin awon kaya, na ga an buga ta a jikin katin shiga jirgi, na kwana goma sha ɗaya a raina ina lissafin mil dubu tara da wani abu. Mako uku shiru. Na ɗauki hoton katin na aika, aka amsa min da layi biyu cikin ladabi: harafin tikitina ba ya cikin waɗanda ke samun maki. Da na koma na duba takardar tikitin sai ga harafin nan ƙarami a gefen lambar jirgi, wanda ko kallonsa ban yi ba ranar da na biya. Tun daga ranar, kafin in biya nakan tambayi harafin, in buɗe jadawalin abokan hulɗa a shafin shirina in gani da idona.

Emirates ita kaɗai take tafiyarta, ba ta cikin kowane ƙawance. Silver a shirinta na Skywards mil 25,000 ne na matsayi ko hawa 25, Gold 50,000 ko hawa 50. Idan duk tafiyarka ta Dubai take bi, lafiya lau. In ba haka ba, katin ba zai buɗe maka ƙofofi da yawa a wasu filayen ba, in ka cire flydubai da 'yan abokan hulɗa irin su Qantas.

Ranar da za ka kashe makin

Tara maki rabin zance ne. Da, kowane shiri yana da jadawalin farashi a rubuce: daga wannan yanki zuwa wancan, maki kaza. Mutum na iya sa buri ya tara. Delta ta cire nata jadawalin a Fabrairun 2015, United a Nuwamban 2019, Virgin Atlantic ta koma farashi mai hawa da sauka a Oktoban 2024, Miles & More ta yi haka ga jiragen Lufthansa da Swiss da Austrian a Yunin 2025. Inda babu jadawali, babu ranar da za a ce an ƙara farashi, sai dai ka wayi gari ka ga kujerar da ka hanga ta yi nisa. Masu jadawalin ma suna ɗagawa: Turkish ta yi babban ƙari a Fabrairun 2024, Emirates kuma tun Mayun 2025 ta keɓe sayen kujerar fas-kilas da maki ga masu matsayi kawai. Ana cewa ajiya maganin wata rana, amma ban da makin jirgi. Ba ya haihuwa, kuma wanda ya buga shi ne ke yanka masa daraja.

Sai kuma kuɗin da ake ɗorawa a kan tikitin da ake kira kyauta. British Airways da Lufthansa da Emirates an san su da ƙarin da suke kira kuɗin kamfani, wanda a da ake ce wa kuɗin mai, kuma a doguwar tafiya ta bizines yakan kai ɗaruruwan daloli. Rijiya ta bayar, guga ya hana. United ba ta ɗora wannan, Aeroplan na Air Canada ma ta daina tun Nuwamban 2020. Abin mamaki shi ne kujera ɗaya a jirgin Lufthansa za ka iya samunta da makin United ba tare da wannan ƙarin ba. Wannan ya sa tambayar wane jirgi zan hau ta bambanta da tambayar a wane asusu zan zuba makin. Ba dole ba ne su zama kamfani ɗaya, muddin ƙawancensu ɗaya.

Avios na da wata fa'ida da ba kowa ke da ita ba. Maki iri ɗaya ne da British Airways da Iberia da Aer Lingus da Vueling ke amfani da shi, Qatar ta shigo a 2022, Finnair a 2024, kuma ana tura shi daga asusun wannan zuwa na wancan ɗaya bisa ɗaya. Idan ɗaya ya tsawwala, sai ka leƙa farashin ɗan'uwansa.

Ga wanda ke tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara, duk abin da na faɗa a sama bai kai wa'adi muhimmanci ba. Makin Delta ba ya mutuwa tun 2011, na United tun 2019. Na American yana mutuwa bayan wata 24 idan asusu bai motsa ba, Aeroplan wata 18, Avios wata 36, kuma a waɗannan ɗan motsi kaɗan yana sabunta agogon. Emirates da Turkish da Miles & More kuwa wa'adinsu kusan shekara uku ne daga lokacin da aka sami makin, ko kana tafiya ko ba ka yi, sai in kana da matsayin da ke kare shi ko ka biya kuɗin tsawaitawa inda aka yarda da haka. Mai tara maki 3,000 a shekara a irin wannan shiri, na farko zai mutu kafin na ƙarshe ya isa sayen komai. Mafitarsa ita ce asusun iyali: My Family na Emirates yana ɗaukar mutum takwas, United ta buɗe haɗaka ta mutum biyar a 2024, British Airways na da asusun 'yan gida ɗaya.

Me ya sa duk suka juya gefe ɗaya? Saboda babban mai sayen maki yanzu banki ne. Kamfanin jirgi yana sayar wa banki maki, banki ya raba wa masu katinsa. American Express ta biya Delta kusan dala biliyan 7.4 a 2024 kaɗai. Lokacin korona, da jirage suka kwanta, abin da aka jinginar aka ci bashi shi ne shirye-shiryen makin: United ta karɓi dala biliyan 6.8 a kan shirinta na MileagePlus a 2020, Delta biliyan 9, American biliyan 10 a 2021. To idan kana zaune a ƙasar da ba a ba da katin bashin kamfanin, kana takara ne da mutanen da ke tara maki suna kwance a gida, kuma farashin kujerun kyauta da su ake auna shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wannan kaɗai ya isa ya sa wanda ba mazaunin Amurka ba ya yi tunani sau biyu kafin ya mai da Delta ko American gidansa.

Kada kuma a ɗauka makin dukiya ce da kotu za ta ƙwato. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin jirgin Northwest da Ginsberg, wani fasinja mai babban matsayi da kamfanin ya kora daga shirinsa bisa zargin yawan ƙorafi, kuma alƙalai tara baki ɗaya suka ce dokar tarayya ta toshe irin ƙarar da ya kawo. Ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike kan shirye-shiryen American da Delta da Southwest da United a Satumban 2024, amma sharuɗɗan da kowa ke latsa amincewa da su ba tare da karantawa ba har yanzu suna cewa kamfani na iya canza komai. Da Air Berlin ta durƙushe a 2017, shirinta na topbonus ya bi ta. Ƙawance ma ba aure ba ne: SAS, ɗaya daga cikin biyar da suka kafa Star Alliance, ta koma SkyTeam a Satumban 2024, LATAM ta fice daga oneworld a 2020.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi da masu neman matsayi ke kawowa, kuma ba zan raina ta ba. Tikitin kansa ya rame. American ta fara karɓar dala 15 a kan jakar farko a 2008, Delta ta ƙirƙiro ajin da ke ƙasan ikonomi a 2012, kamfanonin Turai suka kawo tikitin da ba jaka, har Southwest da ta shekara da shekaru tana tutiya da jaka biyu kyauta ta daina a ranar 28 ga Mayun 2025. Tunda an yanyanka abin da da yake cikin tikiti ana sayarwa ɗaya-ɗaya, matsayi yana mayar maka da wasu kyauta, kuma ranar da jirgi ya lalace aka yi layi, mai Gold ake fara nema wa kujera. Gaskiya ne. Amma a lura, tikiti mafi arahan nan shi ne aka fara cirewa daga rabo: na Delta ya daina samun maki tun 2022, na American tun Disamban 2025, kuma soke kuɗin canjin tikiti da manyan kamfanonin Amurka suka yi a Agustan 2020 bai shafe shi ba. Wasu kamfanonin ma ba sa ba da ƙarin jakar matsayi a kansa. Wato kafin ka ci moriyar biyayyar sai ka sayi tikitin da ya fi tsada.

Haƙƙin da ya fi kowane kati ƙarfi kuwa ba ya tambayar matsayi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 tana ba da diyyar yuro 250 zuwa 600 idan an soke jirgi ko ya yi mummunan jinkiri da laifin kamfani, ga duk jirgin da ya tashi daga ƙasashen tarayyar, da kuma wanda ya nufe su idan kamfanin na tarayyar ne. Mai zuwa Turai da ke zaɓe tsakanin kamfanoni biyu masu farashi kusan ɗaya, wannan ya fi maki 2,000 nauyi.

Lissafin da nake yi kafin kowane saye gajere ne. Masu ƙiyasta darajar maki sukan sa shi tsakanin santi ɗaya da ɗaya da rabi na dala. Maki 2,500 ɗin nan na tafiyar Landan bai wuce dala 25 zuwa 38 ba ke nan. Idan wani kamfani na da tikiti mai jaka iri ɗaya da lokaci mai kyau da ya fi araha da dala 80, biyayya ta ci ni dala 40 ko fiye. Sai in tafiyar ce za ta cike min matsayin da zan mora a tafiye-tafiye da yawa masu zuwa, sannan ƙarin ya zama jari. Wanda ofis ke biya wa, ya riƙe kamfanin da ya fi jirage a filin da yake tashi, ko da mai kirga kuɗi ne. Mai biya da kansa da ke doguwar tafiya shida ko fiye, ya dubi Flying Blue ko Turkish gwargwadon hanyar da ya fi bi. Wanda bai kai haka ba, ya buɗe asusu ɗaya a kowane ƙawance, tunda kyauta ne, ya sayi tikitin da ya fi masa, ya zuba makin inda ya dace.

Yayata dai tafiya uku take yi a shekara, a ikonomi, da kuɗinta. Na ce, "Yaya, matsayi ba naki ba ne, ki bar shi. Buɗe min manhajar mai ruwan tokan nan mu ga wa'adi." Ta buɗe. Maki 31,000 ne a ciki, 9,000 daga ciki za su mutu a ƙarshen wata. Ba su isa tikiti ba, amma sun isa ƙarin jaka ɗaya a tafiyarta mai zuwa, kuma a nan inda muke zaune ta saya. Shuɗin katin, wanda makinsa ba ya mutuwa muddin asusu na motsi, ta mayar da shi cikin jakar fasfo.